Ɓoye adireshin sabar FTP daga masu amfani da manhajar yanar gizo

FTP tsohuwar ƙa'ida ce ta aika fayil tsakanin kwamfutoci, sabar FTP kuma ita ce kwamfutar da ke ajiye fayilolin tana miƙa su. Ɓoye adireshin sabar FTP wata dabara ce da masu gina manhajojin yanar gizo ke bi don mutum ya sauke fayil ko ya ɗora shi ba tare da ya san inda fayil ɗin yake ajiye ba, wato sunan sabar, lambar IP ɗinta da ake isa gare ta da ita a intanet, foldar da ke ciki, da kuma sunan shiga da kalmar sirrin da ake buɗe ta da su. Buƙatar tana tasowa ne galibi inda wata ma'aikata ke da tsohuwar sabar FTP shaƙe da takardu da hotuna, daga baya aka gina mata shafin intanet, ana so mutane su riƙa bi ta shafin kawai. Duk maganar ta rataya ne a kan abu guda: inda burauza ta taka da ƙafarta, mai burauzar zai iya ganin wurin. Saboda haka ɓoyewa ta gaskiya ita ce a hana burauzar zuwa can ɗin kwata-kwata.

Asalin FTP

FTP ta girmi yanar gizo da kusan shekara 20. Abhay Bhushan, a lokacin yana MIT a Amurka, shi ne ya rubuta bayaninta na farko a takarda ta 114 cikin jerin takardun ƙa'idojin intanet da ake kira RFC, wato RFC 114, a watan Afrilun 1971, zamanin da ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, ba ta wuce 'yan kwamfutocin jami'o'i da cibiyoyin bincike ba, kusan kowa ya san kowa. An yi ta mata kwaskwarima, a 1980 aka fitar da sigar da ke aiki kan TCP, ƙa'idar jigilar bayanai ta intanet, sannan a Oktoban 1985 Jon Postel da Joyce Reynolds suka fitar da RFC 959 wadda har gobe ita ce ginshiƙin da ake bi. A wancan lokacin ba wanda ya damu da ɓoye adireshi, ai adireshin ma shi ake yaɗawa don mutane su zo su kwashi manhajoji da takardu, sabobi da yawa ma sai ka shiga da sunan anonymous ka sa imel ɗinka a wurin kalmar sirri shi ke nan ka wuce. Kalmar sirrin gaske ma a fili take tafiya cikin waya kamar yadda aka rubuta ta, duk wanda ke saurare a hanya zai karanta.

Wani abu da ya bambanta FTP da HTTP, ƙa'idar da shafukan yanar gizo ke bi, shi ne FTP layi biyu take buɗewa. Layin farko na umarni ne, a ƙofa mai lamba 21 (kowace hidima tana da lambar ƙofar da ake shiga sabar ta nan), nan ake gaisawa a ba da suna da kalmar sirri a ce ga fayil ɗin da ake so. Layi na biyu shi ke ɗaukar fayil ɗin kansa. A tsohon tsari sabar ce ke kiran kwamfutar mai buƙata daga ƙofa ta 20, amma da katangun tsaro masu tare kiran da ke shigowa daga waje suka yawaita wajen farkon shekarun 1990 sai wannan kiran ya fara maƙalewa, shi ya sa Steven Bellovin a RFC 1579 ta 1994 ya ba da shawarar a koma ga umarnin PASV, inda mai buƙata ne ke buɗe layukan biyu duka.

To a nan ne FTP take tona kanta da bakinta. Idan aka aika mata PASV, sai ta amsa da lamba 227 ta jero lambobi shida, misali 192,168,1,20,195,80. Huɗun farko su ne adireshinta, wato 192.168.1.20, biyun ƙarshe kuma ƙofar da za a shiga, ana ninka 195 sau 256 a ƙara 80, a samu 50000. Ke nan ko da an sa sabar a bayan wata na'ura, ita da kanta za ta faɗi adireshinta na cikin gida a cikin amsar, in dai ba a gyara saitinta ba. Manhajar vsftpd tana da saitin pasv_address don wannan, ProFTPD kuma tana da MasqueradeAddress, sai dai su adireshin cikin gida kawai suke rufewa, na waje yana nan a bayyane. Umarnin EPSV da ya zo a RFC 2428 a 1998, wanda aka yi shi musamman saboda IPv6, sabon tsarin lambobin IP, lambar ƙofa kaɗai yake mayarwa.

Da yanar gizo ta zo, RFC 1738 ta Disambar 1994, wadda Tim Berners-Lee da Larry Masinter da Mark McCahill suka rubuta, ta amince a rubuta linki kamar haka: ftp://suna:kalmarsirri@adireshi/fayil. Wannan sauƙin ne ya jawo matsalar da ake fama da ita, don masu gina shafi da yawa sun riƙa liƙa irin wannan linkin kai tsaye a shafinsu, mutum ya ɗora linzaminsa a kai kawai sai ga makullin sabar gaba ɗaya a ƙasan allo. RFC 3986 ta 2005 ta ce a daina sa kalmar sirri a cikin linki.

Dabarun da ba sa ɓoye komai

Wanda ya fara gamuwa da matsalar yawanci yakan fara ne da juya hanya, wato linkin ya nuna shafin manhajar, ita kuma ta amsa da lamba 302 ta tura burauza can sabar FTP. Adireshin yana nan rubuce a layin Location na amsar, danna F12 a duba shafin Network ya isa a gan shi. Haka batun yake da haɗa linkin ta JavaScript, da lulluɓe shi da base64 mai sauya haruffan rubutu, da cusa shi cikin iframe, wato shafi a cikin shafi, da gajarta shi, duk dai a ƙarshe dole burauza ta warware abin kafin ta je, kuma abin da burauza ta warware mai ita ya gani. Ba wa sabar wani suna na daban a DNS, tsarin da ke fassara suna zuwa lambar IP, ma ba ya rufe lambar IP, umarnin nslookup ɗaya ya fito da ita.

Hanyar ɗan aike

Hanyar da ke aiki ita ce manhajar ta zama ɗan aike tsakanin mutum da sabar. Mai amfani ya danna linki irin /sauke?id=4821, manhajar ta duba ko ya shiga da asusunsa kuma ko yana da izinin wannan fayil ɗin, sannan ta leƙa rumbun bayananta ta ga 4821 wane fayil ne a wace folda, ta je sabar FTP da kanta da kalmar sirrin da ke ajiye a gefenta, ta ɗauko ta miƙa masa ta HTTPS, wato HTTP mai kulle abin da ke tafiya. Shi dai adireshin shafin kawai ya gani. Ana haɗa amsar da layin Content-Disposition don burauza ta san saukewa za ta yi kuma da wane suna, da Content-Type da Content-Length don ta san irin fayil ɗin da girmansa. PHP, harshen rubuta manhaja, tana da ayyukan FTP nata kamar ftp_get, masu Java kuma sukan yi amfani da Apache Commons Net, a sabar Apache ma akwai mod_proxy_ftp da ke yin aiken ba tare da an rubuta wata manhaja ba, amma saukewa kaɗai yake yi.

Aiken yana da nauyinsa fa. Kowane fayil sau biyu yake tafiya, daga FTP zuwa manhaja sannan daga manhaja zuwa mutum, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne a loda fayil ɗin gaba ɗaya cikin ƙwaƙwalwar sabar kafin a fara turawa, fayil mai gigabayit 2 mutum biyar suka nema lokaci guda sai sabar ta durƙushe, don haka gutsure-gutsure ake karantawa ana turawa nan take. Sai batun ci gaba da saukewa idan netwok ya yanke a tsakiya: burauza tana aiko da layin Range tana cewa a ci gaba daga wuri kaza, dole manhajar ta fassara wannan zuwa umarnin REST na FTP ta kuma amsa wa burauzar da lamba 206, in ba haka ba mutum zai koma farko duk lokacin da layi ya katse, kuma mai raunin netwok shi wannan ya fi cuta.

Abin da ya kamata a fi kula da shi shi ne kada manhajar ta karɓi sunan fayil ko adireshi kai tsaye daga hannun mai amfani. In aka bar linkin ya zama /sauke?fayil=rahoto.pdf ba tare da tacewa ba, wani zai canja shi ya sa ../../ ya haura zuwa foldar da ba tasa ba, ɗan aiken kuma ya je ya ɗauko masa da cikakken izini. Lambobin da ke bin juna ma haka, wanda ya ga 4821 zai gwada 4822, shi ya sa ake duba izini a kan kowane fayil ba a bakin shiga kaɗai ba. Saƙon kuskure shi ma yakan tona asiri, sabar FTP ta faɗi, manhajar ta zubo wa mutum dogon bayani a allo har da adireshi da sunan shiga a ciki. Irin wannan bayanin wurinsa fayil ɗin rajista ne na cikin sabar.

Idan fayilolin suna kan injin ɗaya da shafin, ana sauke wa manhajar nauyi ta hanyar X-Sendfile ko X-Accel-Redirect na sabar shafi ta nginx: manhajar ta duba izini, sabar shafin ta tura fayil ɗin daga foldar da ba a iya shiga daga waje.

Linki mai wa'adi

Ma'ajiyoyin zamani irin su Amazon S3, wadda ta fara aiki a 2006, suna ba da linki mai sa hannu da ke mutuwa bayan wani lokaci. Adireshin yana bayyane, amma ba kalmar sirri a ciki.

Matsayin burauzoji

A 2021 Chrome da Firefox duka suka cire FTP, Chrome daga siga ta 88, Firefox kuma ta kammala cirewa a siga ta 90, don haka linkin ftp:// ba ya buɗewa a cikinsu yanzu. SFTP, wadda ke bin SSH, hanyar shiga saba a kulle, a ƙofa ta 22, da FTPS ta RFC 4217 suna kulle abin da ke tafiya a hanya, adireshin dai ba su ɓoye shi.

Saɓanin masana

Wasu masana tsaro na ganin ɓoye adireshi ba tsaro ba ne, suna kafa hujja da ƙa'idar Auguste Kerckhoffs, masanin rubutun sirri, ta 1883 cewa makulli kaɗai ya kamata ya zama sirri, da kuma yadda manhaja irin ZMap, da aka fitar a Jami'ar Michigan a 2013, ke iya zagaye adireshin IPv4, tsohon tsarin lambobin IP, duka cikin ƙasa da awa ɗaya tana neman ƙofofin da ke buɗe. Wasu kuma na ɗaukar sa a matsayin ƙarin shinge mai amfani. Inda ɓangarorin suka haɗu shi ne a saita katangar tsaro ta yadda sabar FTP ba za ta amsa wa kowa ba sai sabar manhajar, ko a ajiye ta a adireshin cikin gida irin 10.0.0.5 wanda ba a isa gare shi daga intanet.