Mene Ne "Dok"? Tafkunan Kwal Na Kadif

Mai bin labaran jiragen ruwa ba zai rasa jin kalmar "dok" ba. Mu a Hausa tashar jirgin ruwa muke cewa mu wuce, amma ba abu ɗaya ba ne. Tasha ita ce wurin gaba ɗaya. Dok kuwa makeken tafki ne da aka haƙa a bakin teku, aka ɗaure gefensa da dutse, aka sa masa ƙofa. Jirgi yakan shiga lokacin da teku ta cika, a rufe ƙofa, ruwan ciki ya tsaya cak ko da na waje ya janye. Akwai kuma busasshen dok da ake zuƙe ruwansa don gyaran ƙasan jirgi, amma shi zancensa daban.

Amfanin wannan ƙofa ya fi fitowa fili a Kadif, babban birnin Wales a Birtaniya. A can ruwan teku yakan hau ya sauka sau biyu kullum, wasu ranakun fiye da mita 10. Jirgin da ke shawagi da hantsi, kafin la'asar sai a gan shi kwance cikin taɓo ya karkace, ba damar yi masa lodi. Ga kuma kwal jibge a kwarurukan da ke arewa da garin, irin mai ƙarfin wuta da ƙarancin hayaƙi, wanda jiragen ruwa na ƙarni na 19 ke rububi.

Mai ƙasar wurin, wani basarake mai sarautar Marquess na Bute na biyu, shi ya zuba dukiyarsa ya haƙa dok na farko, aka buɗe a 1839. Jirgin ƙasa na Taff Vale ya fara kawo kwal, nan da nan wuri ya yi kaɗan. Aka haƙa na gabas a shekarun 1850, sai mashigar Roath a 1874, dok ɗin Roath a 1887, na Sarauniya Alexandra a 1907. Kowane tsari kafin a gama shi kwal ya riga ya fi ƙarfinsa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin kansa. A wancan zamani akan ɗaga taragon kwal sama a tuntsurar da shi cikin jirgi, a ƙasa kuma ga mutane da shebur cikin duhu da baƙar ƙura, suna baza kwal ɗin lungu-lungu don kada jirgi ya rinjaya gefe ɗaya a tsakiyar teku. Da guminsu aka gina garin.

Masu kamfanonin haƙar kwal sun gaji da cunkoso da kuɗin da gidan Bute ke yanka musu. Taragu su yi layi, jirage su yi ta jira a waje. Ɗaya daga cikinsu, David Davies, ya ja gaba suka nemi majalisar dokoki ta ba su izinin haƙa nasu a Barry, 'yar tafiya yamma da Kadif. An ƙi a 1883, suka koma aka amince a 1884, aka buɗe a 1889. A 1913 Barry ta fitar da tan miliyan 11, Kadif kuma wajen miliyan 10 da dubu 700. Ɗan baya ya wuce na gaba.

A daidai wannan lokaci Turawa ke kafa Fatakwal don fitar da kwal ɗin Inugu, layin dogo ya haɗa su a 1916. Ita ba ta bukaci ƙofa ba, domin hawa da saukar ruwan kogin Bonny bai kai na Kadif ba. Tasha ce sosai, amma ba dok irin wannan ba.

Da jirage suka koma amfani da mai bayan yaƙin duniya na farko, kasuwa ta fara ja baya. Kadif ta daina fitar da kwal a 1964, aka cike dok ɗin 1839 da ƙasa. Na gabas har yau akwai ruwansa, gidaje da ofisoshi ne kewaye da shi.