Zauren Audrey Irmas

Zauren Audrey Irmas gini ne na zamani da aka ƙara a gefen majami'ar Yahudawa ta Wilshire Boulevard, a unguwar Koreatown ta birnin Los Angeles, jihar Kalifoniya a Amurka. Kamfanin zanen gine-gine na OMA ne ya zana shi, ƙarƙashin jagorancin Shohei Shigematsu.

Tarihi

Jama'ar wannan majami'a ita ce mafi daɗewa cikin Yahudawan Los Angeles, domin an kafa ta tun 1862. Babban ɗakin ibadarta mai ƙatuwar ƙubba an kammala shi a 1929 a zamanin malaminsu Edgar Magnin, kuma 'yan'uwan nan masu kamfanin fina-finai na Warner ne suka biya kuɗin zanen tarihin Yahudawa da Hugo Ballin ya yi a bangonsa na ciki. Bayan an gyara tsohon ginin a wajajen 2013, sai aka ga buƙatar wurin taro dabam. Audrey Irmas, wata attajira mai ayyukan taimako, ta sayar da wani zanen mai zane ɗan Amurka Cy Twombly a 2015, ta ba da dala miliyan 30 daga kuɗin, shi ya sa zauren ke ɗauke da sunanta. An kammala aikin a 2021, aka buɗe shi a farkon 2022.

Fasali

Babbar matsalar masu zanen ita ce yadda sabon gini zai zauna kusa da tsohon ba tare da ya danne shi ba. Maganin da suka samo shi ne karkatar da bangon da ke fuskantar majami'ar ya ja baya, ta yadda ƙubbar ba ta ɓoyu ba, kuma aka samu tsakar gida tsakanin gine-ginen biyu. An lulluɓe jikin zauren da faranti 1,230 masu kusurwa shida, kowanne da ƙaramar taga, an aro siffarsu daga adon cikin ƙubbar. A ƙasa akwai babban ɗakin taro mai rufi lanƙwasasshe kamar bakan gizo wanda babu ginshiƙi a tsakiyarsa. A bene na biyu akwai ƙaramin ɗakin addu'a mai koren gilashi da ke duban tsohuwar majami'ar. Sama da shi kuma lambu ne.

Amfani

Ana bukukuwa da taruka a cikinsa, kuma akwai cibiyar tsofaffi a sama.