Kwashe waƙoƙin faifan garmaho zuwa kwamfuta: tambayoyin da aka fi yi min

Tun ranar da na tura wa 'yan gidanmu wasu waƙoƙi da na kwaso daga faya-fayan Baba, Allah ya jiƙansa, waɗanda suka daɗe a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, ake ta tambayata wai wace manhaja na yi amfani da ita sautin ya fito haka. Kowa manhaja yake tambaya. Ni kuwa manhajar ce ma abin da bai ba ni wahala ba, kyauta na sauke ta. Aikin gaba ɗaya yana can baya, tun kafin sauti ya iso kwamfuta: tsaftar faifan, lafiyar allura, da abin da ka jona a tsakani. Ga tambayoyin, yadda aka yi min su.

Ba sai kawai in kunna faifan in kanga waya a bakin sifika ba?

Zaka iya mana, sai dai zaka ɗauko har da ƙarar fanka da kukan akuyar maƙwabta da mai tallan gyaɗa da ya wuce ta ƙofar gida. Kuma makirfon waya don magana aka yi shi, yana matse sauti yana yanke na ƙasa, kalangu ya koma kamar ana buga gwangwani. Hanyar da ta dace ta kebul ce zalla: daga garmaho zuwa abin da ake kira phono, mai gyara sautin allura ya ƙara masa ƙarfi, daga nan zuwa ƙaramin akwatin sauti mai shiga USB, sai kwamfuta. Iska bata shiga ko'ina.

Na jona garmahon kai tsaye da laftof amma sautin can ƙasa-ƙasa, siriri, ba nauyi ko kaɗan. Me ya lalace?

Ba abin da ya lalace, phono ne babu. Abu biyu ke faruwa. Na farko wutar da allura ke fitarwa 'yar mitsitsiya ce, irin kan allurar da aka fi samu milibolt 3 zuwa 5 yake bayarwa, alhali abin da rediyon kaset ko na'urar CD ke fitarwa ya kai ɗaruruwa. Na biyu kuma, wanda mutane da yawa basu sani ba, shi ne da gangan aka karkata sautin tun wajen yanka faifan. Sautin ƙasa irin na babbar ganga yana sa layin faifai ya yi faɗi sosai, in aka barshi yadda yake waƙa kaɗan ce zata shiga fuska ɗaya, allura ma ta dinga tsalle. Sai aka rage shi, a can ƙarshen ƙasa da kusan desibel 20, aka ɗaga siririn sauti da kusan haka don ya danne shuuu ɗin faifai. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsayar da wannan ma'auni a 1954, daga baya kusan kowa ya bi. Toh aikin phono shi ne ya juya wannan karkatar ya mayar da ita daidai, sannan ya ƙara ƙarfi.

Tsohuwar amfilifaya in ka duba bayanta ka ga rami biyu, ja da fari, an rubuta PHONO, ai ka huta, yana ciki. Ka jona garmaho a nan, ka ɗauki sauti daga inda aka rubuta REC OUT ko TAPE OUT. In babu, akwai ƙananan akwatuna irin Behringer UFO202 da suka haɗa phono da USB wuri ɗaya. Sabbin garmaho da yawa kuma da nasu a ciki, da ɗan makunni a baya PHONO ko LINE. Abin kiyayewa kar ka bi ta phono sau biyu, in ka sa LINE sannan ka kai ramin PHONO zaka ji ƙara ta fashe kamar sifika ta yage. Ramin makirfo na laftof kuma ka rabu da shi, galibi ɓangare ɗaya yake ɗauka, ba hagu da dama ba, kuma da hayaniyarsa.

Wane irin garmaho zan nema? Na ga ƙanana masu kama da jakar hannu, da sifika a jiki, ba tsada.

Waɗannan ni ban yarda da su ba. Hannunsu baya saituwa, yana danna faifai da nauyin da yakan kai giram 5 ko fiye, sifikar kuma tana jijjiga faifan da ake karantawa. Don nishaɗi a tsakar gida ba laifi, amma faifan da babu irinsa a kasuwa ban sa masa. Nemi wanda hannunsa ke da ɗan dunƙulen ƙarfe a baya da ake murɗawa. A sabbi akwai Audio-Technica AT-LP120XUSB, yana juya 33 da 45 da 78, wato yawan zagayen faifai a minti ɗaya, kuma da USB ɗinsa. A tsofaffi in Allah ya haɗa ka da Technics SL-1200, wanda aka fara fitarwa a 1972 har yau masu kiɗan biki a duniya basu sake shi ba, to ka riƙe da kyau.

Amma ga inda kayan gwanjo ke kayar da mutum, kuma ni ya kayar da ni. Wutar Amurka bolt 120 ce kuma tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, tamu a Najeriya da Nijar da Gana sau 50. Wasu tsofaffin garmaho injinsu da wannan kaɗawar yake auna gudu. Na sayi ɗaya, na haɗa masa taransifomar rage wuta, ya tashi lafiya lau, na ɗora faifan Shata sai na ji murya ta yi kauri tana jan ƙafa kamar wanda bai gama farkawa ba. Taransifoma bolt kawai take ragewa bata taɓa kaɗawar. Maimakon 33 da sulusi faifan yana juya kusan 28. Don haka ka karanta ɗan allon da ke bayansa, ka ga 50Hz, ko ka nemi wanda aka rubuta quartz a jiki, shi baya dogara da kaɗawar wuta. Wannan dalilin ne ma yasa ban ɗauka da janareta, gudunsa hawa da sauka yake. In kuma mai bel ne, ka ɗauka bel ɗin ya saki ko ya narke saboda zafi, sabo zaka sa.

Allurar da na tarar a jiki fa?

Cire ta. Baka san awa nawa ta yi ba, kuma tsawon ranta tsakanin awa 300 ne zuwa 1,000, ya danganta da irinta. Allurar da ta cinye sai ta koma kamar kurfi, tana sassaƙe layin faifai, abin da ta ci kuma ya tafi kenan. Na tuna Baba in faifai ya fara tsalle sai ya ɗora kwabo a kan hannun garmahon, duk gidan da ke da garmaho haka ake yi lokacin, kuma faya-fayan da ya fi so su na tarar sun fi lalacewa. Kowane kan allura da nauyin da aka tsara masa, galibi giram 1.5 zuwa 2.5, misali AT-VM95E giram 2 ne. Ɗan sikelin masu gwal ya isa ka auna. Kar kuma ka ce bari in rage sosai don in lallaɓa faifan, rashin nauyi na sa allura ta dinga karo da bangon layin, shi ma ɓarna ne.

Da me ake wanke faifai? Wani ya ce min sifirit.

Tsaya tukuna, wane irin faifai? Akwai na roba, manyan nan na 33 da Columbia ta fito da su a 1948 da ƙananan 45 da RCA ta biyo da su a 1949. Akwai kuma tsofaffin 78, masu nauyi, masu fashewa kamar tangaran in sun faɗi, irin waɗanda wasu ke da hoton kare yana leƙa bakin garmaho. Su da wani ƙaro ake yinsu da ake kira shalak, kuma sifirit narkar da shi yake. Ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata waƙa.

Ni abin da nake yi ga na roba: tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin mota, amma ka tabbatar ruwan ne zalla ba mai asid ba, sai ɗigon sabulun wanke-wanke na ruwa guda ɗaya a kofi. Burushi mai laushi, ka bi layin a zagaye, kar ka ratsa shi. Ka kare takardar tsakiya. Ka ɗauraye da tataccen ruwan, ka jingine a inuwa ya bushe sarai. Ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a cikin layin, ya bushe ya zama sabuwar ƙara. Wallahi rabin ƙaraf-ƙaraf ɗin da na ɗauka karce ne, ƙura ce ta shekaru, da na wanke ta tafi. Lokacin hunturu kuma faifai na jan ƙura kamar maganaɗisu, ka goge yanzu ka juya ka ga ta dawo, shi yasa na fi son yin aikin da damina. Ajiya a tsaye, ba a jibge ba, nesa da rana da boot ɗin mota, in ya lanƙwashe gyaransa da wuya.

To su 78 ɗin, allura ɗaya ce?

A'a. Layinsu ya fi faɗi, allurarsu ta ninka ta 33 kauri kusan sau huɗu. In ka sa siririya sai ta nutse ƙasan layin tana kwasar datti, shuuu ya fi waƙar yawa. Kuma akasarinsu an yanka su kafin ma'aunin RIAA, kowane kamfani da nasa, don haka sai ka ɗan gyara da kunnenka daga baya.

Ina jin wani ƙugi uuuum a ƙarƙashin waƙar ko ba a ɗora allura ba.

Duba siririyar wayar nan ta uku da ke fitowa tare da ja da fari, ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND. Sau da yawa shikenan. In bai tafi ba zare cajar laftof ka yi aiki da batir, ka matsar da wayoyin sauti daga na wuta da sitabilaiza, wayar hannunka ma ka kai ta wani ɗaki. Sifika kuma ka kashe ka sa abin kunne, kar ta jijjiga teburin.

Yanzu dai manhajar.

Audacity, kyauta ce. Saitin CD shi ne ɗaukar sauti sau 44,100 a daƙiƙa da bit 16, kuma ya ishi kunne. In akwatinka na iya bit 24 ka ɗauka da shi, ba don zaka ji bambanci a waya ba, don yana baka sarari wajen gyara. Masu adana kayan tarihi sukan yi 96,000 da bit 24, amma minti ɗaya na cin kusan megabait 34, na CD kuwa kusan 10. Abin da ya fi waɗannan lambobin muhimmanci shi ne ƙarfin ɗauka. Nemo inda waƙar ta fi ƙara, inda 'yan amshi da makaɗa suka haɗu gaba ɗaya, ka saita ma'aunin ya tsaya wajen -6. In ya taɓa 0 ya yi ja, kan sautin ya yanke, ba manhajar da zata dawo da shi. Ƙasa-ƙasa kuwa ana ɗagawa daga baya ba asara. Ɗauki fuska guda a jere, daga baya ka sa alama ka rarraba waƙoƙin.

Zan iya goge ƙaraf-ƙaraf ɗin duka ya zama kamar sabo?

Zaka iya, amma da waƙar zai tafi. Na taɓa cika hannu da Noise Reduction, abin rage shuuu na cikin Audacity, shuuu ya ɓace tas, muryar kuma ta koma kamar mutum na waƙa a cikin randa, kaifin kalangun nan duk ya mutu. Na goge na sake. Yanzu manyan ƙarar tas-tas kawai nake bi, in buɗe wurin sosai in gyara ɗaya bayan ɗaya, sai Click Removal kaɗan. Wata dabara: yawancin tsofaffin faya-fayanmu ɓangare ɗaya aka ɗauke su, wato hagu da dama duk sauti ɗaya ne, in ka haɗe hagu da dama suka zama ɗaya ƙarar na raguwa da kanta, don ita waƙar iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu, dattin ne ya bambanta.

A wane irin fayil zan ajiye?

Na asalin da baka taɓa ba, WAV ko FLAC, shi FLAC yana rage girma kusan rabi ba tare da ya zubar da komai ba. Ka ajiye a wuri biyu, filashi ɗaya ba ajiya ba ce. MP3 kuma ka cire daga wanda ka gyara don saurare a waya ko mota. Ajiyar gida daban, sayarwa ko watsawa daban, waƙoƙin nan da masu haƙƙinsu, magadan mawaƙan na nan da ransu. Kafin ka mayar da faifan cikin rigarsa ka ɗauki hoton takardar tsakiya gaba da baya, sunan kamfani da lambar faifan na nan, ka rubuta su a sunan fayil ɗin. Ni na yi sakaci da guda shida na farko, yanzu suna nan a kwamfuta da suna faifai 1 zuwa faifai 6, sai na sake buɗe akwatin Baba in bi su ɗaya-ɗaya.