Wuraren shaƙatawa da fita da yara ga iyalan da ke zaune ƙasar waje

Wurin shaƙatawa, wasu su ce lambun shan iska, fili ne da hukuma ke keɓewa cikin gari mai ciyawa da itatuwa da kujeru, galibi da sashen yara inda akwai lilo da abin zamiya da yashin wasa. Ga Basakkwacen da karatu ko aiki ya kai Ingila ko Amurka ya tafi da iyali, wannan wurin ba na yawon Sallah ba ne kawai, shi ne ke maye gurbin ƙofar gida, kuma duk gidan da aka raina shi yara ne ke shan wahala.

Dalilin kuwa a fili yake. A Sakkwato, ko Mabera ko Gidan Igwai ko Runjin Sambo, da an sakko daga islamiyya yaro ya ajiye allo ko jaka sai waje, ana ƙwallo ana langa har a kira magariba, uwa ba ta tashi daga bakin murhu ba don ta san maƙwabta na gani, ɗa na kowa ne. Can kuwa iyali na cikin ɗakuna biyu a saman bene, babu tsakar gida, maƙwabcin ƙasa na ƙorafin dire-diren yara, kuma ba a sakin ƙaramin yaro ya fita shi kaɗai. Dokar Ingila ba ta yanke wata shekara ba ta barin yaro shi ɗaya, amma laifi ne a bar shi inda zai iya cutuwa, kuma ma'aikatan kula da yara na iya shigowa cikin maganar. To dole uba ko uwa su sa takalmi su bi su, abin da da yawa daga iyaye maza namu ba su saba ba.

Asalinsu

Irin waɗannan wurare na kowa da kowa sun yaɗu ne lokacin da biranen Ingila suka cika da masana'antu da hayaƙi. Birkenhead Park kusa da Liverpool, da aka buɗe a 1847, shi ake yawan ambata a matsayin na farko da aka gina da kuɗin jama'a, kuma Ba'amurken nan mai tsara lambuna Frederick Law Olmsted ya ziyarce shi a 1850 kafin shi da Calvert Vaux su tsara Central Park na New York mai eka 843.

Inda iyalai suka fi zuwa

A Landan akwai manyan lambunan sarauta guda 8, shiga duk kyauta. Hyde Park eka 350 ne, manne da shi akwai Kensington Gardens inda aka buɗe filin wasan tunawa da Gimbiya Diana a 2000, da wani ƙaton jirgin ruwa na katako a tsakiyar yashi, na yara ne zuwa shekara 12 kuma babba ba ya shiga sai yana tare da yaro. Amma wanda ya fi wa musulmi sauƙi Regent's Park ne, don babban masallacin Landan na bakinsa, a yi alwala a yi azahar a koma kan tabarma, ga gidan namun daji da aka kafa tun 1828 a ɗaya gefen, shi dai da kuɗi ne kuma ba kaɗan ba. A Birmingham, Small Heath Park ya zama filin idi, akwai shekarun da masallata suka haura 100,000. Sai dai gaskiya ƙaramin filin unguwa da ake zuwa da ƙafa cikin minti biyar ya fi duk waɗannan amfani, don shi za a iya zuwa kullum bayan makaranta.

Ƙasashen Larabawa tsarin ya fi kama da namu, rana na da zafi sai a fita bayan la'asar ko isha'i, a Jidda bakin teku ake shimfiɗa da fulas ɗin shayi. A Alƙahira akwai lambun Al-Azhar da gidauniyar Aga Khan ta gina kan tsohon juji aka buɗe a 2005, ana biyan kuɗin shiga.

Yanayi da lafiya

Wanda ya taso inda zafi ke wuce maki 40 a watan Afrilu, sanyi ne ke kulle shi a ɗaki. A ƙarshen Disamba rana na faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4 na yamma, la'asar da magariba kusan a haɗe, a Yuni kuwa sai bayan 9 na dare. Maganin kawai jaket mai kauri da hula da safar hannu da takalmin ruwa, a fita ko na rabin awa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana. Hukumar lafiyar Ingila kuma na ba da shawarar sinadarin bitamin D maikirogiram 10 kullum ga yara 'yan shekara 1 zuwa 4, masu baƙar fata ma su duba yiwuwar sha duk shekara, don hasken ranar can bai isa jiki ya samar da shi ba lokacin hunturu.

Karnuka da dokokin wuri

Kare shi ne babban abin da ke korar iyalanmu, zai taho a guje ya shinshini yaro mai shi na murmushi wai wasa yake. Yawancin sassan wasan yara an kewaye su da shinge kuma an hana karnuka shiga, nan ya fi kwanciyar hankali. Ta fuskar tsarki kuma, a mazhabar Malikiyya da ake bi a Sakkwato kare mai rai ba najasa ba ne har yawunsa, abin da ake koya wa yaro shi ne ya tsaya cik kada ya ruga.

Gashin nama an hana shi a lambunan sarauta, sai a zo da dambu ko masa daga gida a kwashe shara in an tashi. A Richmond Park, ɗaya daga lambunan sarautar, akwai bareyi kimanin 600 da ke yawo a sake, ba a ba su abinci kuma ana so a tsaya nesa da su mita 50, sannan cikin doguwar ciyawa akwai kaska mai ɗauke da cutar Lyme, don haka in an dawo gida a duba bayan kunnen yara da wuya da bayan gwiwa.