Naira 70,000: Wa Dokar Mafi Ƙarancin Albashi Ta Rufa wa Asiri, Wa Ta Bari a Waje?

Ƙanwata malama ce a wata makarantar kuɗi a cikin birnin Kano. Ran nan ta zo gaishe ni, bayan an sha ruwa sai ta ce, "Yaya, ba an ce dubu saba'in ce doka yanzu ba? To mu fa har yau ko rabinta ba ma gani." Na ce ta lissafa mini duk wanda ke karɓar albashi a makarantar, har da mai gadi da mai shara. Ta yi ta ƙirge da yatsu, ta tsaya a 17. Na yi shiru kaɗan kafin na gaya mata abin da ba ta so ji ba: dokar da take magana a kai ba ta shafe ta ba.

Ga yadda abin yake. A ranar 29 ga Yuli, 2024, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a gyaran dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019. Abu biyu gyaran ya taɓa. Ya ɗaga kuɗin daga naira 30,000 zuwa 70,000 a wata, ya kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara 5 zuwa 3. Kafin a kai nan an sha artabu. Ƙungiyoyin ƙwadago na NLC da TUC sun fara da neman 615,000, suka sauko 494,000, daga baya 250,000, ita kuwa gwamnati ta fara tayi daga 48,000. Yajin aikin ranar 3 ga Yuni na shekarar har wutar ƙasar baki ɗaya ya kashe.

Dokar ta ƙasa ce gaba ɗaya, domin kundin tsarin mulki na 1999 ya sa batun a cikin abubuwan da Majalisar Tarayya kaɗai ke yi wa doka. Gwamna zai iya ƙarawa, kamar yadda Legas ta sa 85,000, Kano ta sa 71,000, amma ba shi da ikon ragewa. Kuma ba ma'aikatan gwamnati kawai ta ɗaure ba, har da kamfanoni masu zaman kansu. Idan ma'aikaci ya sa hannu a takarda cewa ya yarda a biya shi ƙasa da haka, a idon doka wannan yarjejeniya ba ta da tasiri. Wanda aka tauye zai iya kai ƙara Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, da kansa ko ta hannun ƙungiyarsa, kuma mai aikin da aka kama da laifi zai biya bashin da ya taru, ga tara a kai. Wani abin da mutane ke yawan ruɗewa a kansa shi ne ƙarin da ake yi wa na sama. Dokar ta ce kada kowa ya faɗo ƙasa da 70,000 ne kawai. Ba ta ce a ƙara wa mai ɗaukar 150,000 ko sisi ba. Wannan sai dai a zauna a yi ciniki tsakanin ƙungiya da mai biyan albashi.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashen da ya lissafa waɗanda aka cire. Duk ma'aikatar da mutanenta ba su kai 25 ba, babu ruwan dokar da ita. Haka masu aikin ɗan lokaci, da waɗanda ake biya kamasho ko ake biya gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke bin yanayi irin na gona, da ma'aikatan jiragen ruwa da na sama da ke da nasu dokokin. A dokar farko ta 1981, zamanin Shagari, lokacin da aka sa naira 125, iyakar mutum 50 ce. A 2019 aka sauko da ita 25, gyaran 2024 kuma bai taɓa ta ba.

Yanzu ka tsaya ka duba unguwarku. Yaron shago a Kantin Kwari, mai sayar da magani a kemis, tela da ke ɗinki a ƙarƙashin wani, 'yar aikin gida, direban A Daidaita Sahu da ke kai balas kullum da yamma: ko ɗaya babu a ciki. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya suna sana'o'in da ba su da rajista ko takardar ɗaukar aiki. Wato dokar da aka rufe ƙasa a kanta ɗan tsirarin mutane ta rufa wa asiri. Wannan abu yana ci mini tuwo a ƙwarya, domin waɗanda aka bari a waje su ne suka fi kowa buƙata.

Hujjar da ake bayarwa ita ce, idan aka tilasta wa ƙananan wurare biyan wannan kuɗi, za su sallami ma'aikata ko su rufe. Masana tattalin arziki sun daɗe suna faɗin haka, har sai da wasu daga cikinsu suka fita suka ƙirga. A watan Afrilu na 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga ladan awa daga dala 4.25 zuwa 5.05, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta ɗaga ba. David Card da Alan Krueger suka bi gidajen sayar da abinci 410 a ɓangarorin biyu, kafin ƙarin da bayansa. Ba su ga alamar cewa ayyuka sun ragu a New Jersey ba. An yi ta musu a kan binciken, David Neumark da William Wascher na cikin waɗanda suka ƙalubalance shi, amma ya canza yadda ake kallon lamarin, kuma yana cikin aikin da ya sa Card ya samu kyautar Nobel a 2021.

To idan ba a kori mutane ba, daga aljihun wa kuɗin ya fito? Birtaniya ta kafa nata mafi ƙarancin albashin a 1999, fam 3.60 a awa. Mirko Draca da Stephen Machin da John Van Reenen suka duba littattafan kuɗin kamfanoni, har da gidajen kula da tsofaffi inda albashi ya fi ƙanƙanta. Suka tarar albashi ya tashi, riba ta ragu, amma ba a ga kamfanoni suna ta durƙushewa ba. A Jamus kuwa, bayan an sa yuro 8.50 a 2015, Christian Dustmann da abokan aikinsa sun gano cewa ma'aikata da dama sun bar ƙananan wurare sun koma manyan kamfanoni da suka fi biya, suka kuma fi fitar da amfani daga aikin kowane mutum.

Sai dai kada a ɗauko wannan a ɗora wa Najeriya kai tsaye. A waɗancan ƙasashe an sa kuɗin daidai da ƙarfin kasuwa, akwai masu bin sawu su ga an biya, kuma akwai babban kamfanin da ma'aikaci zai koma. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai da ke kwana yana zuba wa janareto man dizal, ribar da za a yanka ta riga ta tafi a wuta. Abin da ma'aikaci ɗaya ke iya fitarwa a yini shi ne gindin abin da za a iya biyansa, kuma wannan ba ƙarfin damtsensa kaɗai ke kawo shi ba. Wuta, inji mai kyau, hanya, da iya tafiyar da wurin, duk suna ciki. Wani gwaji da Nicholas Bloom da abokansa suka yi a masaƙun da ke kusa da Mumbai a Indiya ya nuna haka ƙarara. An koya wa wasu masaƙu abubuwa masu sauƙi, kamar rubuta duk aibin da aka samu a yadi, tsara ma'ajiyar zare, da duba inji kafin ya lalace. A shekarar farko abin da suke fitarwa ya ƙaru da kashi 17 cikin 100, ba tare da an sayo sababbin injuna ba.

Akwai kuma ƙofar da lambar 25 ta buɗe. Mai wuri da ke da mutum 24 yana da dalilin da zai hana shi ɗaukar na 25, ko ya raba kamfanin gida biyu a takarda, ko ya mai da mutanensa 'yan kwangila ta hannun wani. Duk wanda ya taɓa hira da masu gadin manyan gine-gine ya san ba mai ginin ne ke biyansu ba. Ta haka dokar da aka yi don kare ma'aikaci kan iya hana wuri girma.

Hauhawar farashi ma tana nata ɓarnar. A watan da ya gabaci sa hannu, Yunin 2024, ta haura kashi 34 cikin 100, bayan cire tallafin mai da sakin naira a 2023. Naira 30,000 ta 2019 ta haura dala 80 a lokacinta, 70,000 ta 2024 kuwa ko dala 50 ba ta kai ba ranar da aka sa hannu. Rage wa'adi zuwa shekara 3 yana nufin za a sake zama a 2027, kuma na san hankalin kowa zai koma kan nawa za a sa. Ni lambar da zan sa wa ido ita ce 25. Makarantar ƙanwata mutum 17 ke aiki a cikinta, kuma ko nawa aka rubuta a sabuwar doka, muddin wannan iyaka tana nan, albashinta yana hannun mai makaranta.