Yadda hayaƙin taba ke gurɓata rubutun da ke cikin jikinmu

Nikotin ne ke kawo ciwon daji?

Babban aikin nikotin shi ne ya kama mutum ya kasa dainawa. Ɓarnar tana cikin sauran hayaƙin, mai ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Dubi audugar gindin sigari bayan an gama zuƙa: da fara ce tas, yanzu ta koma ruwan ƙasa tana danƙo. Irin wannan kwaltar da ta tsallake audugar, huhu take sauka. Shi ma nikotin ba a wanke shi gaba ɗaya ba, domin lokacin busar da ganyen taba wani ɓangarensa yakan rikiɗe ya zama wani sinadari mai suna NNK, wanda ke cikin mafiya haɗari.

To ta yaya hayaƙi zai canza ƙwayoyin gado?

Kowace ƙwayar halitta a jikinmu tana da rubutun da ke gaya mata aikinta, wato DNA, da haruffa huɗu kacal: A, C, G da T. Sassan wannan rubutun su ake kira ƙwayoyin gado. Duk sanda za ta rabu biyu, sai ta kwafe rubutun nan kaf.

Ɗauki sinadarin benzopayirin, wanda ke fitowa idan ganye ya ƙone. Yadda ya shigo, bai iya taɓa DNA ba. Abin tausayin shi ne jiki da kansa ke wasa masa wuƙa: a ƙoƙarin narkar da shi don ya fita ta fitsari, sai ya mayar da wani kasonsa wani sinadari mai suna BPDE, shi kuwa wannan yakan je ya manne wa harafin G.

Ka tuna mai kwafar rubutu daga allo, tawada ta ɗiga a kan harafi ɗaya. Bai ga harafin sosai ba, sai ya cinka ya rubuta wani. Haka ƙwayar ke yi: inda G yake, sai T ya maye gurbinsa. Daga nan duk ƙwayar da ta fito daga gare ta da wannan kuskuren za ta tashi.

Ba jiki yana gyara irin wannan ba?

Yana yi, dare da rana. Amma kara ashirin a kullum ya fi ƙarfin masu gyaran, ga shi wasu sinadaran hayaƙin, irin su akrolin, suna raunana gyaran kansa. Binciken da mujallar Science ta buga a 2016 ya ƙiyasta cewa mai shan kwali ɗaya kullum na shekara guda yana tara ƙarin kurakurai kusan 150 a kowace ƙwayar huhunsa, da 18 a ta mafitsara, tunda dafin yana bin jini ya taru a fitsari.

Amma kakana ya sha taba har ya tsufa lafiya lau.

Ana samun haka, kuma ina jin wannan maganar sosai. Yawancin kurakuran suna faɗawa inda ba su da illa. Matsala tana zuwa ne idan sun faɗa kan ƙwayoyin gado masu riƙe da ragamar rabuwa. Ɗaya daga cikinsu, TP53, kamar birki yake, shi ke tsayar da ƙwayar da ta lalace ko ya sa ta mutu. KRAS kuma totur ne. Idan birki ya tsinke, totur ya maƙale, ƙwayar za ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ƙari ya fito. A 1996 masu bincike a Amurka suka nuna cewa wuraren da BPDE ya fi mannewa a TP53 su ne dai wuraren da aka fi samu a lalace a ciwon dajin huhu. Kakanka ya tsira, amma kowane kara sabon jefa ƙuri'a ne, kuma wanda ke zaune kusa yana shaƙa shi ma an jefa da shi.

Shisha fa, tunda hayaƙin yana bi ta ruwa?

Ruwan sanyaya hayaƙin yake yi, ba ya tace shi. Gawayin da ake ɗorawa a kai ma yana ƙara nasa benzopayirin.

Wanda ya shekara talatin yana sha, dainawa za ta amfane shi?

Ƙwarai kuwa. Kurakuran da suka riga suka zauna ba sa gogewa, amma binciken da aka buga a mujallar Nature a 2020 ya gano cewa a hanyoyin iskar huhun waɗanda suka daina, akwai ƙwayoyi masu yawa da rubutunsu ya yi kusa da na wanda bai taɓa sha ba. Waɗannan sun tsira ne daga hayaƙin, kuma da aka daina sai suka fito suna maye gurbin lalatattun. An ga haka har a jikin mutanen da suka yi shekaru masu yawa suna sha.