Waiwaye: Famfunan Iska na San Faransisko da Waɗanda Suka Tsaya Musu

Wanda ya ga lambun Golden Gate na birnin San Faransisko a Amurka yau, kore shar, da wuya ya yarda cewa a shekarun 1870 tuddan rairayi ne zalla a gaɓar Tekun Pasifik. Duk abin da aka dasa sai an yi masa ban-ruwa, ruwan kuma a hannun kamfanin Spring Valley yake, mai tsawwala wa birnin farashi. Alhali ga ruwan daɗi kwance a ƙarƙashin rairayin, ga iskar teku tana kaɗawa ba ta neman ko sisi.

Wannan lissafi ne ya sa mai kula da lambun, John McLaren, da hukumarsa suka gina famfon iska irin na ƙasar Holan. An gama shi a 1903 kan dala 25,000, yana jawo galan 30,000 a awa ɗaya. Da aka ga biyan buƙata, sai wani attajirin banki, Samuel G. Murphy, ya ba da dala 20,000 a gina na biyu a kudu da shi. An kammala wannan a 1908, ya fi na farkon girma, fukafukansa daga baki zuwa baki ƙafa 114, aka kuma raɗa masa sunan mai kyautar.

Sai dai zamani bai yi musu kara ba. A 1913 aka kawo injinan lantarki, famfunan suka zama 'yan kallo. Raɓar teku mai gishiri ta ci katako, tsatsa ta ci ƙarfe, a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu kuma aka kwance wasu ƙarafan aka kai narkarwa.

A ganina, a nan ne taimakon da ya fi wuya ya shigo. Murphy ya sa hannu a aljihu sau ɗaya, sunansa ya zauna daram. Ita kuwa Eleanor Rossi Crabtree, ɗiyar tsohon magajin garin San Faransisko, Angelo Rossi, a 1964 ta fara bin jama'a tana neman gudummawa don a ceto famfon arewa, wato na farkon, kuma kowa ya san roƙon kuɗin gyaran kango ya fi na sabon gini ɗaci. Shekara 17 aka kwashe kafin fukafukan su sake tsayuwa a 1981. A gindinsa aka shuka lambun furannin tulif mai sunan Sarauniya Wilhelmina ta Holan.

Na Murphy ya fi daɗewa a yashe. Sai a 2002 aka sauke hularsa, wato kan da ke riƙe fukafukan, aka tura Holan wajen gwanin gyaran irin waɗannan injina, Lucas Verbij. Da kuɗin birni da na masu sa kai aka ƙarasa aikin, aka sake buɗe shi a 2012.